Nomau da Zomayen Inna Tasalla

A Kwarin Ɗinya, a gidan da ke ƙarshen gari ta wajen fadama, nan Inna Tasalla take zaune da autanta Nomau. Katanga ɗaya ce tsakanina da su, ita ma ta zaizaye har ina iya miƙa musu gishiri ta samanta, saboda haka labarin nan ba a bakin rijiya na tsince shi ba. Nomau ya yi gemu, ga ƙarfi kamar ya ɗauki jaki da kayansa, sai dai Allah bai haɗa masa da wayo ba. Ba ya ƙarya, ba ya musu. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, daidai yadda ya fito daga bakinka, ba ragi ba ƙari. In babu aike sai ya kwanta rigingine a tabarma yana kallon gajimare yana murmushi, kamar akwai mai ba shi labari a can sama. Mutanen gari suna masa dariya, ni ma ina taya su, amma ina son yaron nan har cikin raina.

Inna kiwon zomaye take yi. A shekarar da nake magana yanar ido ta fara rufe mata gani, har ta ce duniya ta koma mata kamar ana kallonta ta cikin hayaƙin murhu. Da faɗuwar damina zomanyarta ta haifi 'ya'ya tara. Ana cikin haka sai ga babbar 'yarta Hansatu ta zo daga birni, ta ga uwarta tana laluben ƙofar ɗaki, hankalinta ya tashi.

Ta ce, "Inna, ki haɗa kayanki mu tafi. Shi kuma Nomau a kai shi wurin Kawu ya riƙa yi masa gadin gona."

Inna ta ce, "Ni da Nomau sai dai mutuwa ta raba mu."

"To wa zai kula da ke? Wannan? Ko kaza ba zai iya riƙewa ba."

Inna ta ce, "Ga 'yan zomaye nan, na bar masa su. In ya kai su girbin gero da ransu, ki ƙyale mu a gidanmu. In ya kasa, ki zo da mota."

Hansatu ta yarda nan take, don ta tabbata motar za ta zo. Ba mugunta ba ce, tsoro take ji wa uwarta. Nomau yana gefe yana jin komai, kuma wannan maganar kam ya gane ta sarai. Ranar har rana ta faɗi ban ga ya ɗaga kai ya kalli sama ba.

Wata rana Inna ta shafa 'yan zomayen ta ji sun yi ƙwari, ta ce, "Nomau, sun isa yaye. Gobe ka yaye su." To a garinmu kowa ya san yadda ake yaye: a karɓo rubutu wurin malam a ba yaro ya sha, a kai shi gidan kakarsa ya kwana biyu har ya manta da nono. Nomau ya ga an yi wa 'ya'yan Hansatu haka. Da sassafe ya tafi wurin liman ya durƙusa, ya ce rubutun yaye yake so na mutum tara. Liman ya ajiye carbi ya ce, "Yaushe aka yi auren, balle haihuwar?" Nomau ya ce, "Ai ba nawa ba ne, na Inna ne." Liman ya riƙe baki yana salati, sai da aka yi ta jan zance kafin ya gano inda aka dosa, ya tofa masa addu'a ya sallame shi. Daga nan Nomau ya jera 'yan zomayen a kwando ya ɗora a ka, ya bi hanyar ƙauyen da ke hayin rafi, gidan Gwaggo Yelwa, wadda ta sayar wa Inna da zomanyar tun tana ƙarama. Ya yi sallama ya ce, "Gwaggo, na kawo wa kakarsu yaye." Ya buɗe kwando a gaban tsohuwar zomanyar da ta haifi uwarsu. Ita kuwa ta shinshina sau ɗaya, ta buga ƙafa a ƙasa, ta juya musu baya. Ran Nomau ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Gwaggo, tsohuwar nan ba ta da zumunci." Gwaggo Yelwa ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Wasan jika ne, ɗan nan, kada ka riƙe ta." Ta ba shi fura ya sha, ta kora shi gida kafin rana ta yi musu illa. Duk hanya yana ba 'yan zomaye haƙuri.

Wata rana Malam Shitu malamin gona ya biyo ta gidan, ya tarar da Nomau yana tura musu ɗanyar ciyawa da raɓarta. Ya ce wannan ita ke sa wa ƙananan zomaye zawo da damina, gara a sayo musu abincin buhu, irin 'yan mulmulallun ƙwayoyin nan da ake haɗawa da inji. Ran kasuwa Inna ta kwance bakin zanenta ta ce, "Ka tambayi masu sayarwa wanda ya fi kyau, shi za ka sayo." Nomau ya tsaya a rumfar farko ya tambaya. Mai rumfa ya ɗebo wani kore-kore mai ƙanshin harawa ya ce, "Nawa ya fi." Nomau ya saya. Ya matsa gaba, don Inna masu sayarwa ta ce, ba mai sayarwa ba. Na biyu ya nuna masa wani ja-ja mai maiƙo, an cika shi da masara da tunkuza, ya rantse nasa ya fi. Nomau ya saya. Na uku mai injin niƙa ne, shi yake haɗa nasa da dusa a bayan shago, shi ma ya ce duk kasuwar babu kamar nasa. Da la'asar sai ga Nomau da ƙananan buhuna uku a ka.

Inna ta lalluba ta ce, "Ɗaya na ce maka."

Ya ce, "Inna, kowanne ya fi. Dukansu dattawa ne, wa zan ƙaryata a ciki?"

Inna ta tafa hannu ta yi salati. Malam Shitu da ya ji labari sai ya yi murna, ya ce dama ya daɗe yana son ya san gaskiyar abincin nan uku. A raba 'yan zomayen uku-uku, kowane keji da abincinsa, a ga waɗanda za su fi girma. Da zai fita ya waiwayo ya ce cikin raha, "Ka dai kula, kada waɗannan su san abin da waɗancan suke ci."

Wata rana aka wayi gari ana suna a unguwa, Inna ta buɗe akwatinta ta ji wayam, babu zane ko ɗaya. Ta ƙwala mini kira ta kan katanga. Na shiga, sai na ga kejuna uku kowanne an lulluɓe shi da atamfa kamar amare, har da wadda take ɓoyo don Sallah. Nomau kuwa yana sanɗa tsakaninsu da abinci a cikin hularsa, ya leƙa nan ya zuba, ya rufe, ya waiga hagu da dama, sannan ya koma ya cika hular da wani. Na ce, "Nomau, mene ne haka?" Ya ɗora yatsa a baki. Da Malam Shitu ya zo ya tambayi su wa ke cin kore, Nomau bai amsa ba. Ya kama hannunsa ya ja shi suka fita gida, suka wuce gonar gero, sai da suka kai bakin fadama ya raɗa masa a kunne. Malam ya ce, "To don me sai a nan?" Nomau ya ce, "Malam, ba ka ga kunnuwansu ba?" Ranar da zanena Inna ta je suna, nata kuwa sai da muka wanke su sau biyu kafin warin fitsari ya fita.

Wata rana Malam Shitu ya ga buhunan a jingine da bangon ɗaki, ya ce, "Danshi zai ɓata su. Kada su taɓa ƙasa, ka ɗaga su sama iyakar iyawarka." Iyakar iyawar Nomau kuwa ba kaɗan ba ce. Akwai wata tsamiya a ƙofar masallaci wadda dattawa suke zama a gindinta suna dara. Ya hau ta har inda reshe ya fara lanƙwasa, ya ɗaure buhunan, sannan ya zauna a can yana kallon gari. Daga baya ya ba ni labari wai ya ga gonaki sun kwanta kore shar har ƙarshen duniya, gajimare suna wucewa dab da kansa, wasu da dogayen kunnuwa, har ya ji kamar ya miƙa musu abinci. Yana wannan kallon bai lura tsinin wani busasshen reshe ya huda buhu ɗaya ba. A ƙasa dattawa suna tsakiyar dara sai suka ji abu yana sauka tif, tif, a kan rawani, a cikin ramukan dara. Wani ya tsinci ɗaya ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Kashin akuya ne." Suka dubi juna. Wani ya ce, "Yau akuya ta hau tsamiya, duniya ta zo ƙarshe." Suka watse da salati, wani ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Sai suka ji murya daga sama tana cewa, "Baba, don Allah ku tsince mini, na masu cin ja ne." Malam Shitu da kansa ya zo ya kafa masa katako a ɗaki, ya nuna da hannu ya ce, "Nan. Iyakar nan."

Wata rana Malam ya ce ido ba ya isa a gane girma, sai an riƙa kai su awo duk mako. Nomau wuri ɗaya ya sani da ake kai ƙanana awo. Ranar awon jarirai ya goya kwando a baya da majanyin Inna, ya tafi asibitin gari ya bi layi a bayan masu jego. Mata suka yi ta leƙe suna ƙunshe dariya, shi kuwa yana jijjiga kwandon a hankali kamar yadda ya ga suna yi. Da layi ya zo kansa, ma'aikaciyar awo ta ɗago kai ta ce, "Ina uwar yaron?" Ya ce, "An yaye su." Ya kwance goyo, sai ga kunnuwa sun miƙe tsaye. Matar nan Allah ya yi ta mai son raha. Ta ce ya jira ta gama da mutane, sannan ta shimfiɗa tsumma a kan sikeli ta ɗora su uku-uku, masu jego suna kewaye suna tafi. Masu cin ja suka fi nauyi nesa ba kusa ba. Masu kore suka biyo baya. Masu cin na mai inji suka zo ƙarshe, ɗaya ma ya yi atishawa a kan sikelin.

Da Malam Shitu ya zo jin sakamako, Nomau ya sake jan shi bakin fadama. Ya ce, "Masu ja sun yi ƙiba, amma masifaffu ne, kuma cikinsu yana yawan ɓaci. Masu na inji suna jin haushi, don abincinsu yana komawa gari tun kafin su ci, yana shiga musu hanci. Masu kore ba sa sauri, amma kashinsu a bushe yake, in sun ci sai su kwanta su lumshe ido. Ina jin mafarki suke yi." Malam ya tambaye shi mafarkin me. Ya ce, "Na fadama." Aka tsaya a kan a bar na mai inji, a mayar da su keji ɗaya, a riƙa ba su kore da ɗan ja kaɗan a ciki. Gero kuwa ya fara fitar da kai, kuma duk taran suna nan da ransu. Inna ta fara 'yar waƙa in tana tankaɗe, abin da na daɗe ban ji ba.

Wata rana, ran kasuwa, Hansatu ta zo duba uwarta. Ta ga zomaye sun yi ɓul-ɓul, ta yi mamaki, har ta ɗan ji kunya. A kasuwa ta tarar da wani baƙon ɗan kasuwa ya zo da mota cike da manyan buhunan abincin zomo, yana sayarwa da araha, masu kiwo suna ta rububi. Ta sayi ɗaya aka kawo mata har zaure, don ita ma ta sa hannu a abin kirki. Ta ce wa Nomau, "Wannan sabo ne, ba su san shi ba. An ce ba a ba su sabon abinci farat ɗaya. Ka sa su saba da shi kaɗan-kaɗan kafin ka ba su." Ta koma birni.

Nomau ya san yadda ake sabo da baƙo. Ya ɗauko kujerar tsakar gida ya ɗora buhun a kai a bakin zaure, ya juya kejin ya fuskance shi. Ya ce, "Ga baƙo nan Yaya ta kawo muku. Ku gaisa." Zomaye suka motsa hanci. Washegari ya matso da kujerar taki ɗaya. In hadari ya taso ya rufe baƙo da buhun leda, in ruwa ya ɗauke ya buɗe shi ya sha iska. Da yamma sai ya zauna tsakanin buhu da keji yana ba kowane ɓangare labarin ɗaya, ya gaya wa buhu wanda ya fi rowa a cikin zomaye, ya gaya wa zomaye irin nisan da buhu ya sha kafin ya iso. Su kuwa suna ta cin korensu da ɗan ja. Inna daga ɗaki takan ce, "Nomau, kana saba musu da abincin Hansatu?" Ya ce, "Ina sabawa, Inna. Jiya ma ɗaya ya daɗe yana kallonsa." Ina leƙe ta katanga ina girgiza kai, na ce a raina yau kam wautar ta kai maƙura. Tsakar gidan nan kuwa da faɗi, har aka fara wasa lauje buhu bai wuce gindin turmi ba.

Ashe a cikin gari ana ta kuka. Duk wanda ya sayi abincin baƙon nan ya zuba wa zomayensa, cikin 'yan kwanaki suka daina ci, cikinsu ya kumbura, aka riƙa kwashe su da safe ana zubarwa a bayan gari. Ruwa ne ya taɓa dukan buhunan a hanya, aka shanya bayansu aka rufa wa cikin asiri. Ɗan kasuwar kuwa ko ƙurarsa ba a sake gani ba. Labari ya kai wa Hansatu a birni. Ta ɗauko mota ta taho, tana kuka tun daga hanya, don ta san da hannunta ta kawo abin, kuma ta san duk da haka ba za ta iya barin uwarta makauniya a gidan da babu komai ba.

Ina tsaye a tsakar gidan lokacin da ta shigo. Ta ga buhu zaune a kan kujera, bakinsa a ɗinke yadda ta bar shi. Ta dubi keji ta ga kunnuwa.

Ta ce, "Nomau, ba ka ba su ba?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Ba su gama sabawa ba. Ni ma na so in yi sauri, amma kin ce kaɗan-kaɗan."

Na karɓi wuƙa na farke buhun. Sama-sama lafiya lau, amma da na zura hannu sai na ji ɗumi, na ciro wani dunƙule ya yi fumfuna baƙi da kore, wari ya gauraye gidan. Hansatu ta zauna daɓas a ƙasa. Inna ta lallubo bango ta fito, ta durƙusa gaban keji ta zura hannu, tana kama kunnuwa ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa a hankali. Da ta kai na ƙarshe ba ta sake shi ba, ta riƙe shi a ƙirji, hawaye suna bin fuskarta. Ni ma na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Direba ya gaji da jira ya leƙo zaure ya ce, "Hajiya, ina kayan da za a ɗauka?"

Hansatu ta share ido da bakin mayafi. Ta daɗe tana kallon ƙanenta, sannan ta ce, "Babu kaya. Ni kaɗai zan koma." Ta juya ta ce, "Nomau, ka riƙe mini Inna da kyau."

Nomau ya je ya kama hannun Inna da hannu biyu. Har motar ta ɓace a bayan gonakin gero yana riƙe da shi, Inna kuma ba ta ce ya saki ba.